Shingen Wardi a Bakin Rijiya

Tun ranar da 'yarta Azumi ta fara tafiya, Batulu ba ta sake cin tuwo a zaune ba. Rijiyar gidansu a Zandam ba ta da murfi, bakinta daidai da ƙasa, yarinyar kuwa ko ina aka ajiye ta can take nufa. Sau uku Batulu tana jibge ƙayar magarya kewaye da rijiyar, sau uku matan gidan suna kwashewa su hura wuta. Mijinta yana aikin hanya, sai wata-wata yake zuwa.

Da damina ta sauka, shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, ta je Birnin Kudu wurin wanta Iliyasu, mai kula da furanni a gidan saukar baƙi. Ya yanko mata rassan wardi ashirin masu ƙaya, kowanne tsawon taƙi, ya datse su a ƙarƙashin gaɓa, ya zage ganyen ƙasa.

"Ɗanyar ƙaya ba mai sa ta a murhu," in ji shi. "Yashi da taki, ki yi musu inuwa. Kwana arba'in kada hannu ya taɓa su."

Ta kafa su kewaye da rijiyar, ta yi musu 'yar rumfa da kara. Kullum tana ba su ruwa da ludayi, Azumi a goye. Aka yi kwana talatin, takwas suka yi baƙi, ƙasar gindinsu kuma a buɗe, kamar an tono.

Wata rana da hantsi ta fito daga ɗaki da tsintsiya, sai ga Sanda, ƙanin mijinta, magidanci da gemunsa, tsugune da reshe a hannu yana duba gindinsa. Fararen saiwoyi kamar zare suna reto, rabi a tsinke.

"Me kake yi, Sanda?"

"Duba miki nake, matar Yaya. Kowace Juma'a ina dubawa. Wannan ma ya kama." Ya mayar da shi rami, ya danna da babban yatsa.

"Kowace Juma'a."

"To, rogo kwana goma ya tsiro. Waɗannan 'yan birnin naki sai an yi musu wankan jego?"

"Kai ka kashe min takwas."

"Itace ne fa. Gobe in saro miki dami."

Ta juya neman Azumi. Yarinyar ta bi ta gurbin da matattun rassan suka bari, tana leƙen rijiya, kashin awaki a hannunta za ta jefa. Batulu ta fizgo ta da hannu ɗaya, ta ɗaure ta a baya tamau.

Ta wuce sashen Sanda, ta kama sabon ƙyaurensa na kwano, ta ɗaga shi daga maratayarsa, ta jawo shi ƙiii har tsakar gida. Ta kifa shi a bakin rijiyar, ta mirgino turmi ta danne.

"Haba, matar Yaya, a buɗe zan kwana? Ga sauro, ga awaki."

"Saura sha biyu," ta ce. "Ranar da suka kai ƙugun Azumi ka zo ka ɗauka. In kana so, ka riƙa duba su kowace Juma'a."