Kwalba Mai Zubabbiyar Kafaɗa

Ruwan da ya ɓalle daga magudanar gonar inabi ya kwana a ɗakin ƙasa na Anselmo, da zai janye kuwa ya tafi da takardun jikin kwalabe kaf. Kwalabe sun fi ɗari, duk sun koma tsirara.

Guda ɗaya ce ta hana shi sukuni. Shekarar da aka haifi 'yarsu Delfina, matarsa Herminia, wadda yanzu ta rasu, ta ɗura giyar inabi a kwalba, ta rubuta sunan jaririyar ta liƙa, ta ce ba mai buɗewa sai ranar aurenta. Ga auren ya zo.

"Baba, ka ɗauko kowacce mana. Wa zai sani?" in ji Delfina.

"Ni zan sani."

Ya ɗaga wannan a haske, ya shinshina toshiyar waccan, duk a banza. Yana cikin haka sai ga Casimiro, maƙwabcinsa, wanda kullum suke cacar baki kan layin ban ruwa. Shi ne ma Anselmo ya ɗora wa laifin ambaliyar, ba don yana da hujja ba.

"An ce tsoho ya ɓatar da kwalbar 'yarsa," in ji Casimiro.

"In dariya ta kawo ka, yi ka fita."

"Kai dai kanka ganga ce ba komai ciki! Ba shekarar da aka haife ta ce ƙasa ta girgiza kwalabenku suka farfashe ba? Herminia ta shigo gidana da jaririya a hannu, ta ari guda. Naku kafaɗarsu a tsaye take. Nawa a zube, ga gindi mai zurfi."

Suka durƙusa cikin laka, tsofaffi biyu, suna lalube. Can ƙurya yatsan Anselmo ya shige gindin wata kwalba. Ya rungume ta, hawaye kawai yake yi. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ranar biki, Anselmo ya fara zuba wa Casimiro, tun kafin amarya.

"Maƙwabci, na gode. Har ga Allah na gode," in ji Anselmo.

Casimiro ya riƙe kofin gilashin ta siririyar ƙafarsa, ya juya shi, ya kurɓa, idonsa ya yi ja.

"In kun shanye a mayar mini da kwalbata," ya ce. "Aro Herminia ta ce."