Takalma a Bakin Ƙofa

Shekara goma sha biyu Onarabul ya yi a majalisar jiha, kuma matarsa ba ta taɓa tambayarsa yadda siyasa take tafiya ba. Takalman da baƙi suke cirewa a ƙofar falo take leƙawa. In sun cika baranda har sun gangaro matakala, ta san komai lafiya.

Shekarar da ya ajiye kujerarsa ya fito takarar gwamna, sai da takalma suka kai bakin get. Masu su suka yi ta kiransa Mai Girma tun ba a buga takardar ƙuri'a ba. Ya zo na huɗu. Kujerar majalisar kuwa, tsohon sakatarensa ya haye. Kafin wata biyu baranda ta koma wayam.

Wata safiya ta leƙa ta ga takalma ƙafa shida a jere, get a wangale. Daɗi ya kama ta. Ta dafa shayi, ta fito da kofunan baƙi. Da ta tura ƙofar falo, shi kaɗai ta tarar, ya ci ado, ya zuba wa bango ido. Ta waiwaya ta sake duban takalman. Biyu daga ciki ita ta saya masa.

"Saboda masu wucewa ne," ya ce, bai dube ta ba.

Ta ajiye tire a hankali.

"Baban yara, ai baƙi ba sa jera takalmi haka."

Ta fita, ta sa ƙafa ta hargitsa su.