Takardar Santa Brígida

"Kada ki taɓa da wannan hannun! Yanzu kika gama yanka albasa," in ji Don Froilán, yana kwance yana haki.

Doña Herminia ta goge hannunta a gefen siket. "Mutum na kan gargara amma bakinsa bai mutu ba. To ga ta nan."

Tun da ta tare a gidan da ke jikin nasa a birnin Iquique ta san shi da wannan tsiya. Tsohon tela ne, ba mata ba ɗa, sai takardun hannun jari na kamfanonin da suka rushe tun kafin a haife ta. Ko burodi ba za su sayo maka ba, amma ya shimfiɗe su cikin durowa kamar jarirai. Ba a naɗewa, ba a kai su rana. Ta sha faɗa a kan haka har ta saba.

Wadda ta miƙa masa ta kamfanin gishirin taki ce na Santa Brígida, can cikin hamada inda aka haife shi. A samanta akwai zanen masana'anta, a gefe jerin gidajen leburori. Garin ya daɗe da zama kufai, har katakon rufin an kwashe.

Ya nuna da farce, bai taɓa ba. "Ƙofar ƙarshen nan tamu ce. Maƙwabciya, sauran duk na bar wa Casimiro. Wannan ki sa min a aljihun kwat."

"Ai ba za ta shiga ba sai an naɗe."

"Lokacin ba na gani," ya ce.

Ya cika ranar Talata da hantsi, shayin da ta haɗa masa bai ma huce ba. Ta yi kuka sosai, fiye da yadda ta zata.

Masu akwatin gawa na jira a ƙofa sai ga Don Casimiro, abokin tarin takardunsa, wanda suka tsufa suna gaba a kan wa ya riga wa samu. Da ya ga abin da ke hannunta ya tsaya cak.

"Ina za ki kai ta?"

"Inda mai ita ya ce."

"Haba Doña! Ban taɓa ganin irinta ba a duk Chile. Ƙasa za ta cinye ta. Froilán da hankalinsa ba zai ce haka ba."

"Da hankalinsa garau, har zagina ya yi kan albasa."

"A sa masa kwafi mana. Wa zai sani?"

"Ni."

Ta shimfiɗa takardar a kan teburin ɗinki, ta kama gefe biyu. Sai hannunta ya ƙi. Shekarun faɗan tsohon ne suka riƙe mata yatsu, ga shi kuma ta yi alkawari. Ta runtse ido ta fara lanƙwasawa daga tsakiya.

"Tsaya! Za ki karya gidajen," Casimiro ya ce da ƙarfi. "Kawo nan."

Ta matsa masa. Ya je famfo ya wanke hannuwa da sabulu, ya goge su sarai. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana duban zanen, yana auna inda layin zai bi. Sannan ya naɗe, a hankali, takardar ta yi wata 'yar ƙara da ta sa shi cije leɓe. Ya sake naɗewa, layin ya wuce ta ƙarƙashin zanen bai taɓa ko rufi ɗaya ba.

"Tsohon banza, ka ci ni," ya ce.

Herminia ta zura ta a aljihun ƙirjin baƙar kwat ɗin da ta goge da safe. Aljihun bai da zurfi. Da masu akwati suka sauke murfin akwatin mai gilashi, jerin gidajen na leƙowa waje, har da ƙofar ƙarshe.