Fitilun Biki a Babur ɗin Mai Shela

Shekara ashirin ke nan Malam Munzali ne mai shelar mutuwa a unguwar Zongo. Lasifika ya ɗaure a bayan tsohon babur ɗinsa, yana bin lungu-lungu a hankali, yana faɗin wanda ya rasu da lokacin sallah. Tsofaffin unguwa ba ruwansu da saƙon waya. In ba su ji muryar Munzali ba, to a wurinsu ba a yi mutuwa ba.

Ranar Asabar ɗan ƙanwarsa Sadiƙu ya ari babur ɗin don rakiyar amarya zuwa unguwar Akpakpa. Da ya dawo da shi, sai da Munzali ya ja da baya. Shuɗayen fitilu a ƙarƙashin tanki, jajaye a gefen taya, hon mai kukan jirgin ruwa, wurin cajin waya har biyu, duk an nannaɗe da baƙin salatif mai danƙo. Abin hawan da ke kai labarin mutuwa ya koma kamar rumfar mai sayar da rediyo. Munzali ya ja tsaki, ya ce a kwance masa wannan ƙazanta. Sadiƙu ya ce gobe, goben kuwa ba ta zo ba.

Ranar Talata da hantsi Inna Zulaiha ta cika. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, shekara arba'in, babu gidan da ba ta shiga da ƙwaryarta da sabulunta ba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Aka sa sallah bayan azahar, kuma jama'ar da za ta samu sai wadda muryar Munzali ta tara mata.

Lungu biyu ya yi lafiya. A na uku lasifika ta fara gurnani, ta shaƙe, ta yi shiru. Fitilun banzan nan kuwa suna ta ƙifta ido da rana tsaka. Ya garzaya wajen Jibrilu makaniki, ransa kamar ya fashe.

Jibrilu ya bi wayoyin da yatsa yana yatsina fuska. "Malam, moto fa ba kamfanin wuta ba ne. Inji daidai gudunsa yake ba batiri kuran, wato wuta. Ku kuma tafiyar hawainiya kuke yi, ɗan abin da yake bayarwa lasifika kaɗai yake isa. Yanzu baki goma ke ci a kwanon mutum ɗaya. Kuma wanda ya haɗa bai bi ta makulli ba, kai tsaye ya ɗaura a batiri. Kwana uku suna tsotsa, ko moto na ajiye."

"Yanke su!"

"Na yanke. Amma batiri ya mutu murus, sai ya wuni a caji."

Munzali ya shiga lunguna da ƙafa, dattijo mai shekara sittin da biyar, ya kafa hannu a baki yana ihu. Ƙarar janareta da hon ɗin zemijan, baburan haya, suka haɗiye shi. Kafin kiran sallah muryarsa ta dushe, ko na kusa da shi ba ya ji.

Da aka jera sahu ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa, har da shi da liman.

Da la'asar ya dawo daga maƙabarta, ya tarar da Sadiƙu a ƙofar gida yana juya guntayen wayoyi a hannu. "Haba Kawu, ai da ba ku bari an yanke ba. Akwai wani bikin ranar Lahadi."

Tun da Munzali yake bai taɓa jin ƙyamar jininsa irin ta ranar ba. Bai kai ga buɗe baki ba sai ga Alhaji Abdulƙahar, dillalin shanu, ya diro daga zemijan ido jajir.

"Malam, gwaggona ta rasu yanzu a unguwar Agla. Raka ni wajen Inna Zulaiha. Gwaggon ta bar wasiyya, ba mai wanke ta sai Inna."

Munzali ya dubi yashin maƙabarta da ke manne a ƙafarsa. Da ɗan abin da ya rage na muryarsa ya ce, "Alhaji, mu goma sha ɗaya muka kai ta."