Hoto Biyu a Bakin Rumbun Talle

Injin ya iso ƙauyen su Talle, arewa da Barmu, a bayan wata ƙatuwar mota, tun kafin ruwan shuka ya sauka. Mutanen bariki suka ce sunansa tarakta, wai abin da gayya za ta wuni tana nomewa shi zai gama kafin tuwo ya nuna, wai kuma daga bana yunwa ta bar ƙasar Adar. Aka zaɓi gonar Talle don ita ce bakin hanya, ba sai Nasara ya taka ƙaya ba. Injin ya yi kuka, ya turnuƙe mutane da hayaƙi, ya tsaga ƙasa 'yar tazara kaɗan, sai ya gamu da dutsen da kowane manomin wurin ya san yana kwance a ƙasa. Wani abu ya ce ƙas a cikinsa, ya tsaya. Aka ce za a aiko da ƙarfen gyara daga Faransa. Talle ya jira har ya gaji, ya ɗauki hauyarsa ya nome kewaye da shi. Kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai.

Ruwa kuwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Abin da Talle ya girbe bai kai su ƙarshen sanyi ba. Manyan yaransa suna fita tsintar 'ya'yan anza masu ɗaci da ganye, suna ɗan jurewa. Wadda ke hana shi sukuni ita ce autarsa Rahamatu, da ba a daɗe da yayewa ba. Gashinta ya koma ja, ta daina ƙiriniya, ta daina ma kuka. Kowace safiya sai ya tsuguna ya kama hannunta kamar wasa, alhali kaurin damtsen yake aunawa da yatsunsa. Abin da ya rage masa na sa rai shi ne rumbun tsimi na Tawa, inda Nasara ke tilasta musu zuba hatsi kowace kaka, wai don ranar yunwa. Ga ranar ta zo. Maigari Almustafa ya riga ya aika bariki, ana jiran amsa.

Maimakon amsa sai ga gardi, ɗan sandan bariki, a kan raƙumi. Ya ce gobe manyan baƙi za su zo daga jarida, suna so su ga rumbun mutumin da injin ya yi wa noma.

A ƙasar nan ko matar gida ba ta leƙa rumbun mijinta, balle baƙo. Namiji ya bari a ga ƙasan rumbunsa, gara a tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Dattawa suka taru a ƙofar Maigari da la'asar, ba wanda ya ma kawo zancen a nuna gaskiya.

"Kai Talle," in ji Maigari, "ka bari baƙo shi hau tsani shi leƙa shi iske ɓeraye na kokowa? Har Yamai a ji garinmu babu namijin da ka iya cida iyalinai? Kana da ɗiya mata, wa za shi zo nema gidan da anka gani hakanan?"

"Ranka shi daɗe, to mi za ni nuna musu?"

"Kowa na da ɗan iri da ya ɓoye. A tattaro. In sun tahi kowa shi ɗauki nashi."

Haka aka yi. Aka tula kara a gindin rumbun Talle, aka lulluɓe shi da damman iri na gari duka, har tulin ya kai kafaɗar mutum. Habi, matar Talle, ta tsaya da Rahamatu a goye tana kallonsu.

"Ku dai maza," ta ce. "In gani suka so, a kwance musu yarinyar ga su gani mana."

"Ke, ruhwa muna asiri," in ji Talle.

"Asirin za ka ci?"

Talle ya ma sa ta daka ɗan hatsin da ya rage a tukunya ta dama fura, don ba a karɓar baƙo da ruwa tsura.

Baƙin su biyu ne, ban da direba. Wani Nasara mai jan wuya rataye da akwatin ɗaukar hoto, da Attahir tafintan bariki, da ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, wanda kuma shi ke aika wa jaridar gwamnati labarin Tawa. Attahir ɗan ƙasa ne, a Tawa aka yanke cibiyarsa, amma tun da ya yi lakwal, makarantar Nasara, ya sa wando mai aljihu yake tafiya kamar ƙasar na ƙona masa ƙafa. Ya dubi tulin damman, ya dubi karan da ke leƙowa ta ƙasa, ya sa takalmi ya tura shi ciki.

Aka ɗora Talle kan tsani da dami a kafaɗa, aka ce ya yi dariya. Aka kai shi gona, aka kori kaji, aka goge kashinsu, aka ɗora shi kan injin ya riƙe sitiyari. Nasara ya kwanta ruf da ciki don kada tayar da ta nutse cikin rairayi ta fito a hoton. Sannan Attahir ya zaro alƙalami.

"Baba, injin ya sauƙaƙa maka aiki, ko?"

"To, alhamdu lillahi."

"Kaka ta yi kyau ke nan."

"Mun gode Allah."

"Iyali duk lahiya?"

Daga inda Talle yake yana hango Habi a bakin darni da yarinyar a bayanta.

"Lahiya lau," ya ce.

Furar kuwa Nasara ya ɗan taɓa ta da leɓe ya ajiye, Attahir ya ce cikinsa ba ya son nono, direba ya ɗaga ƙwaryar ya shanye tas, ya yi gyatsa.

Aka yi ta jiran amsar bariki shiru. Da Rahamatu ta fara ƙin haɗiye ko ruwan ganye, Talle ya ɗaura wa jakinsa taiki babu komai a ciki, ya kama hanyar Tawa. A barandar biro, wato ofishin kumandan mai mulkin Tawa, kafin ya gama sallama, ya ga kansa a shafin jarida manne a bango. Ga shi kan tsani yana washe baki, ga shi kan injin kamar sarki. Masu jiran kumandan suka riƙa dubansa suna duban bangon.

"A'a, manomin zamani!" in ji Attahir daga bayan tebur. "Kowa shi gaishe shi. Gwamna da kansa ya ambaci garinku cikin jawabi."

"Mushe, hatsin tsimi na zo nema. Ɗiyata ba ta da lahiya."

Attahir ya tashi ya sa yatsa a kan rubutun, yana karantawa yana juyawa da Hausa don kowa ya ji. Wai albarkacin injin, Malam Talle ya girbe ninkin abin da ya saba. Wai ya ce bai taɓa ganin kaka irin ta bana ba. Wai iyalinsa suna cikin ƙoshi, suna gode wa Faransa.

"Yaushe na ce hakanan?"

"Na tambaye ka, ka ce lahiya lau."

"Mushe, kai ɗan Tawa na. Ko gawa ka cikin gida mi mutum ka cewa in an gaishe shi? Da ƙahwarka ka tura karan nan ciki, ina kallonka."

Attahir ya rage murya, fara'ar ta bar fuskarsa.

"Baba, wa ya tara damman, ni ko ku? Ni abin da anka nuna min na rubuta. Yanzu kana so kumandan shi rubuta ma Yamai cewa garin da Gwamna ya yaba yunwa suka yi? Shi ce Gwamna ya yi ƙarya? Hatsin tsimi na garuruwan da kaka ta ɓaci na. Naku ba ya ciki."

"Hatsinmu na hwa. Mu munka zuba."

"Na gaba!" in ji Attahir.

Talle ya ja jakinsa ya nufi kasuwa, ba don yana da abin saye ba, don dai ƙafarsa ta ƙi juyawa gida da taiki a ninke. Nan wani ya kira sunansa daga wata rumfa. Manzo ne, wani tela da ya bar keken ɗinki ya shiga jam'iyyar masu adawa da mutanen gwamnati, ga zaɓe ya matso. Su ma suna da 'yar jaridarsu, kuma aikinta ɗaya ne: duk abin da waccan ta ce fari, ita ta ce baƙi.

"Baba Talle, mai injin! Zamna, zamna. Mun san ƙarya sunka yi maka. Mu gaskiya muka so duniya ta gani."

"Ni hatsi nika so."

"Akwai garin rogo, buhu guda, daga kudu anka kawo muna. Mu zo mu ɗauki hoton rumbun yadda shike, da yarinyar yadda take, mu miƙa maka buhu gaban jama'a."

Talle ya san abin da Maigari zai ce, ya san yadda za a riƙa yin shiru in ya iso majalisa. Ya tuna kuma yatsunsa biyu suna haɗuwa a kan damtsen Rahamatu har da saura.

"Ku zo," ya ce.

Suka zo da motar haya, Manzo da wani mai hoto na kasuwar Tawa, da buhun a baya. Dattawan gari ba wanda ya fito, mata ne ke leƙe ta kan darni. Mai hoto ya hau tsani, ya ɗaga murfin rumbun, ya cusa kai, ya sauko yana tsaki.

"Duhu ya yi yawa. Akwatin ba ya gani cikin duhu."

"To a huda gehe," in ji Manzo. "Haske shi shiga, kowa shi ga babu komi."

Rumbun nan mahaifin Talle ne ya gina shi da yumɓu, ya girmi duk yaran gidan. Talle ya dubi buhun, ya shiga ɗaki ya ɗauko gatari. Sara kaɗan cikin rumbun ya buɗe, ƙura ta tashi, ga daɓen a share, ko ƙaiƙayi babu. Wata tsohuwa daga bayan darni ta yi salati.

Daga nan sai gyare-gyare. A cire wa Talle rigarsa, ta cika kyau, a ba shi ta noma mai yage. A kwance wa Rahamatu zane da layu. A zaunar da ita bakin hudar. Yarinyar ta zauna shiru tana kallon mutane, mai hoto ya ce da za ta yi kuka da ya fi. Manzo ya matso zai ɗan mintsine ta, Habi ta buge hannunsa.

"Ka taɓa ta ka gani."

"Haba Inna, don amfaninku na."

"Inna tana gidanku."

Aka ɗauki hoton a haka. Sannan aka sauko da buhun, Manzo ya gyara hula, ya dafa shi da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗar Talle, ya ce kowa ya dubi akwatin. Aka ɗauka. Manzo ya yi ɗan jawabi a kan 'yanci da zaluncin Nasara, ga shi ba mai saurare sai awaki da matan da ke leƙe. Da ya gama sai ya ce wa Habi ta kawo ƙwarya. Ya zare bakin buhun, ya auna mata abin da ba zai kai su jibi ba, ya ɗaure, ya yafito direba.

"Ina za a kai shi?" in ji Talle.

"Takanamat, Baba. Can ma akwai masu yunwa, kuma buhun guda muka da. Sai mun nuna shi gari-gari, in munka ci zaɓe kowa shi samu goma."

"Ka ce za ka miƙa min."

"Ai na miƙa. Ga shi cikin hoto."

Direba ya sunkuya ya kama kunnen buhun. Talle bai taɓa ɗaga wa baƙo murya ba tun da aka haife shi, yanzu ma bai ɗaga ba. Wuƙar da ke ɗaure a damtsensa ya zaro, ya soka a wuyan buhun, ya ja har ƙasa. Garin ya kwararo fari fat, rabi kan tabarma rabi kan rairayi. Direba ya saki ya ja da baya.

"Kai! Ka haukace? Dukiyar jam'iyya ta!" in ji Manzo.

"Kwashe ka kai Takanamat," in ji Talle.

Manzo ya dubi garin, ya dubi wuƙar, ya dubi matan da suka fara fitowa daga bayan darni. Ya ce wannan rashin kunya ne, ya ce mutanen ƙauye ba su san masu ƙaunarsu ba, ya ce shi ya sa Nasara ke hawansu. Yana faɗa yana ja da baya har ya shiga mota. Mai hoto ya riga shi shiga.

Habi ba ta ko kalli tafiyarsu ba. Ta ɗebi na saman tabarma mai tsabta, ta jiƙa a ƙoƙo da ruwa mai ɗumi, ta dama shi ruwa-ruwa, ta ɗora Rahamatu kan cinya. Ludayin farko yarinyar ta kau da kai. Na biyu ta riƙe a baki kamar ta manta yadda ake yi. Talle ya tsuguna gabansu cikin yagaggiyar riga, ƙurar rumbu har cikin gemunsa, yana kallon maƙogwaronta. Can maƙogwaron ya motsa. Ta buɗe baki da kanta.

Matan maƙwabta suka matso da faifai da rariya, suka durƙusa suna tankaɗe wanda ya zube cikin rairayi. Ba wadda ta dubi hudar rumbun, ba wadda ta dubi Talle. Shi ma bai ɗago ba.

"A hankali," ya ce wa Habi. "Kada ki cika mata, cikin ya daɗe bai ga abinci ba. Ƙara mata kaɗan."