Taka Ce, Babban Yaya

Bazara guda cur mijina Tatsuro bai miƙe tsaye a kan allonsa na hawan igiyar ruwa ba, kuma duk wanda ke shiga ruwa a bakin tekun Kugenuma ya san dalili, in ka cire shi kansa. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tatsuro na cikin waɗanda suka fara hawan igiyar ruwa a wannan gaɓa, tun lokacin da masunta ke yi musu kallon marasa aikin yi. Rabin mazan da ke shawagi a wurin yau shi ya koya musu yadda ake kwanciya a kan allo, a tuƙa da hannu, a miƙe. Babban Yaya suke kiransa, har masu furfura. Bara aka yi masa aikin zuciya, likita ya raba shi da sigari, shi kuma ya huce a kan shinkafa. Kafin ya koma ruwa ya ƙara kilo wajen ashirin, ga shekara sittin da takwas. Allon kuwa bai ƙara komai ba. Shi ne dai wanda aka sassaƙa masa tun 'yarmu Kanae tana firamare, ƙafa tara, siriri, ba kauri, an yi shi don mutumin da ba shi da tumbi. In ya zauna a kai, ruwa har ƙirji yake kawo masa. In ya kwanta zai tuƙa, bayan allon ya nutse, hancin ya ɗaga sama, ya yi ta dukan ruwa yana nan inda yake.

Ni ban tsaya shan wannan wahalar ba. Da jikina ya yi nauyi, gwiwoyina suka fara ƙara, na je na sayi mai ƙafa goma, faffaɗa, mai kauri, wanda ke ɗauke da ni a saman ruwa ba gardama. Tatsuro ya raɗa masa suna ƙyauren gareji. In ya ga ina ɗaura shi a gefen keke sai ya ce, "Maman Kanae, a bar mana ƙofar gida mana, ɓarayi za su shigo."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabin mutanen nan. Za mu zauna a kan allunanmu bayan inda ruwa ke karyewa, igiya mai kyau ta taso, duk su ja da baya, su sunkuyar da kai suna zaune a cikin ruwa.

"Taka ce, Babban Yaya."

Ya juya, ya tuƙa iya ƙarfinsa, igiyar ta ɗaga shi ta wuce ta ƙarƙashinsa, ta tafi gaɓa ba kowa a kanta. Kafin ya gama haki wani ya riga ya tanadi ƙarya.

"Ai ba ta da ƙarfi, Babban Yaya. Ba mai iya kama wannan."

"Ruwan bana duk haka yake," in ji wani.

Haka suka yi masa kullum safiya, tun daga ruwan saman watan Yuni har zafin Agusta ya wuce. Na gaya masa a gida ba sau ɗaya ba, na ce allon nan ya yi maka kaɗan. Ya ce me na sani, ni mai hawan ƙyaure. Ya ce, "Na tambayi Mitsugu da bakina. Ya ce allo ne mai kyau ƙwarai. Da allon ne, da ya faɗa mini." Mitsugu shi ne masassaƙin da ya yi allon, kuma maganarsa a wajen Tatsuro ta fi ta likita.

Wata rana muna cin abincin rana, shinkafa da ƙananan kifin da yake so, ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce, "In guguwar da ake cewa tana tafe ta turo ruwa, zan shiga na ƙarshe. Teku ta gama da ni. Na gaji da sa yara suna asarar igiya saboda ni."

Na san abin da ke faruwa da mazan unguwarmu in sun bar ruwa. Na ga maƙwabcinmu, ya jingine allonsa, ya zauna gaban talabijin, kafin shekara ta zagayo sai da sanda yake kai wa bakin ƙofa. Tatsuro ba shi da wani abu ban da tekun nan. Ba ya shuka fure, ba ya kamun kifi, jikokinsa ma a ruwa kaɗai ya san yadda zai yi hira da su. Na tashi na bar kwanukan a nan, na hau keke sai shagon Mitsugu.

Na same shi fari fat da ƙurar sassaƙa. Ya sunkuya, ya fara neman inda zai zaunar da ni.

"Bar kujerar," na ce. "Allon da ya dace da mijina yanzu, wane iri ne?"

Ya ja iska ta haƙora, ya sosa ƙeya. "To, Yaya Sumie, abin da ɗan wuya."

"Ba wuya. Kai ka iya aikinka ko ba ka iya ba?"

Ya dubi ƙasa. "Ƙafa goma, ko da ɗan ɗoriya. A ƙara faɗi, a ƙara kauri sosai, musamman ƙarƙashin ƙirji. Da tuƙi uku zai kama igiya."

"Ashe ka sani. Me ya sa ka ce masa allonsa mai kyau ne?"

"Ai mai kyau ne, Yaya. Ban yi ƙarya ba."

"Mai kyau ne ga wa? Ga Tatsuron shekara talatin da suka wuce?"

"Yaya Sumie, shi ya ɗora ni a kan allo ina yaro. Da wane baki zan dubi Babban Yaya in ce ya yi ƙiba, ya tsufa? Ko na sassaƙa, in kai masa, ai na faɗa ke nan."

"To zai daina shiga ruwa. Ka ji daɗi, ka kare masa mutunci."

Ya sake sunkuyawa, har ƙasa-ƙasa wannan karon. Na fita na buga masa ƙofa har allunan da ke jingine suka girgiza.

Guguwar ta bi ta can kudu ba ta taɓa mu ba, ta turo mana ruwan da ake jira duk shekara. Da safe igiyoyi suna shigowa a jere, dogaye, santsi, iska ba ta ɓata su ba. Kowa ya fito, har Mitsugu. Tatsuro ya goge tsohon allonsa da kakin hana santsi a hankali, yadda ake shafa kan jariri, ya shiga. Na bi bayansa da ƙyaurena.

Ta farko ta taso. "Taka ce, Babban Yaya." Ya tuƙa, ta wuce shi. Wani mai gemu ya ce ba ta da ƙarfi. Igiyar da ta kai kafaɗar mutum, wai ba ta da ƙarfi. Na ga Tatsuro ya dubi hannuwansa, ya dubi gaɓa, na san lissafin fita yake yi.

Ta biyu ta taso, suka sake ja da baya, suka sake ce masa tasa ce. Ni kuwa na juya hancin allona. A wurinmu ba a yin haka, igiyar da aka ba wa babba ko ɗansa ba ya taɓa ta, balle matarsa. Na tuƙa sau uku, ta ɗauke ni. Na miƙe da gwiwoyina masu ƙara, tsohuwa mai kilo tamanin, na bi ta har kusa da yashi.

Da na komo ba mai kallon wani. Fuskar Tatsuro ta yi ja.

"Maman Kanae, kin haukace ne?"

"Ta yi ƙarfi ko ba ta yi ba?" na tambayi mai gemun. Ya fara gyara maɗaurin da ke haɗa ƙafarsa da allo. Na juya kan Mitsugu, na ɗaga murya yadda har na nesa za su ji. "Mitsugu, allon nan da ke ƙarƙashinsa, na mai kilo nawa ka yi shi?"

"Yaya, don girman..."

"Na mai kilo nawa?"

"Sittin da biyar," ya ce, da ƙyar ake jin sa.

"Baban Kanae, kai nawa kake yanzu? Ko in faɗa musu? Ni nake wanke wandunan."

"Ya isa," in ji Tatsuro.

"Bai isa ba. Teku ba ta gama da kai ba, allon ne ya gama da kai tun farkon bazara. Waɗannan duk sun sani. Sun gwammace su yi ta sunkuya maka har ka koma gida ka mutu a kujera, da a ce ɗayansu ya ɓata maka rai na minti ɗaya."

Na kwance maɗaurin daga ƙafata, na zame cikin ruwa, na tura masa ƙyauren har ya bugi gwiwarsa. Na kama hancin tsohon allonsa na riƙe. Ya dube ni kamar zai mare ni, abin da bai taɓa yi ba. Na san in ya juya ya nufi gaɓa yanzu, ni ce na kore shi daga ruwa a gaban yaransa, kuma ba zai ƙara dawowa ba.

"Kawo," ya ce. "In nuna miki ba allo ba ne, ki ƙyale ni in huta."

Ya hau. Karon farko a bazarar nan na ga cinyoyinsa a saman ruwa. Igiya ta taso, wannan karon ba wanda ya ce masa tasa ce. Ya kwanta, ya tuƙa cikin fushi, allon ya zabura da shi tun kafin ya shirya. Ya daɗe a durƙushe, har na cire rai. Sai ga kansa mai furfura ya ɓullo ta bayan igiyar, ga kafaɗunsa, hannun hagu a bayan ƙugu yadda yake yi tun muna saurayi da budurwa. Ya tafi, ya yi ta tafiya.

Wasu suka fara yi masa tafi. Ya komo yana haki, bai dube ni ba, su ya duba ɗaya bayan ɗaya har tafin ya mutu.

"Tun watan Yuni kuke kallona," ya ce. "Ni na koya muku ruwa. Na taɓa ɓoye wa ɗayanku kuskurensa? Kai Mitsugu, sau nawa na ce maka jaki a gaban mutane?"

"Da yawa, Babban Yaya."

"Ka mutu?"

"A'a."

Wata ta taso a bayansu, babba. Mai gemun, da yake bakinsa ya saba, ya fara, "Taka..."

"Duk wanda ya sake ba ni sadakar igiya, kar ya ƙara gaishe ni."

 Tatsuro ya juya allon ya fara tuƙi. Sai na ga Mitsugu ya kwanta shi ma, daga can ciki inda igiyar ke fara karyewa, ya tuƙa da gaske, ya riga shi kamawa. Ya wuce ta gaban hancin Tatsuro, ya watsa masa ruwa a fuska.

"Ɓarawo!" in ji Tatsuro. "Jakin banza, dawo nan ka gani."

Ya zauna yana zagi, yana share ido, yana leƙen wadda ke biye, ko tunanin mayar mini da allona bai yi ba. Ni ina rungume da tsohon nasa, ruwa har wuya, ina kuka. Ba kukan daɗi ba ne zalla, haushi ya fi yawa a ciki. Bazara guda suka ci masa da ladabinsu, shi kuwa ba wasu da yawa suka rage masa ba.