Kaza a Tsakanin Jam'iyyu Biyu

Sha'ibu ɗan Tsibiri ne, amma a Maraɗi ya yi suna. Ya shigo garin yana saurayi, yana rubuta allunan shaguna: na masu aski, na teloli, na masu gyaran rediyo. Hannunsa na da kyau, sai dai ba ya iya barin aiki yadda aka ba shi. In mai aski ya ce a zana masa kawuna da askinsu iri-iri, sai ya tarar da ƙarin kai guda a gefe, mai sanƙo, yana hararar sauran. Wasu su yi faɗa, wasu su yi dariya su rataye allon haka nan.

Indararo ne ya fitar da shi daga allo zuwa bango. A hanyar babbar kasuwa akwai wani shago da indararonsa ya leƙo titi, kowace damina yana jiƙa masu wucewa. Sha'ibu ya roƙi mai shagon, ya zana raƙumi tsaye a bangon, wuyansa ya miƙe sama har bakinsa ya dace da bakin indararon. Da rani ba wanda ya kula sosai. Ranar da ruwan farko ya sauka, sai ga raƙumi yana feso ruwa kan titi, 'yan kabu-kabu, masu babur na haya, da suka fake a rumfar da ke kallonsa suna riƙe ciki don dariya. Tun daga nan wurin ya zama abin kwatance, fasinja ya ce, "Sauke ni wajen raƙumi."

Limamin unguwarsu ya kira shi ya ce ya nisanci bangon masallaci, kada kuma ya zana fuskar wani sanannen mutum. Sha'ibu ya ce ya ji, ya kuma kiyaye. Matarsa Zuliha, 'yar Jiratawa, takan ce ta auri mutumin da ba ya iya wuce tsagar bango bai mai da ita wutsiyar ƙadangare ba.

Bayan Babban Taron Ƙasa aka buɗe ƙofar siyasa, jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar damina, kowace da launinta. Aiki ya yi wa masu fenti yawa, amma Sha'ibu bai ji daɗinsa ba. Tuta ce da manyan haruffa, yau a nan gobe a can, ba inda mutum zai sa wasa.

A wannan lokacin ne Alhaji Idirisa, babban ɗan kasuwar atamfa, ya aika a kira shi. Gidansa da na ƙanensa Alhaji Jibo, mai fataucin wake zuwa Najeriya, bango guda ne dogo ya haɗa su ta bakin titi. A tsakiyar bangon akwai wata ƙaramar ƙofa, ta sashen mahaifiyarsu, Hajiya Maijidda. Wa da ƙane sun shiga jam'iyyu daban, har gaisuwa ta fara yi musu nauyi.

"Daga ƙofata har inda bango ya ƙare, shuɗi nika so," in ji Alhaji Idirisa.

Washegari Alhaji Jibo ya tare shi a bakin aiki. "Nawa ruwan ɗorawa za ka sa. Kuma ya ɗara nashi haske, ka ji ko?"

Sha'ibu ya taho da shuɗi daga gabas, ya taho da ruwan ɗorawa daga yamma, har ya rage ɗan fili kewaye da ƙaramar ƙofar, bai fi shimfiɗar tabarma ba. Nan ya tsaya da buroshi a hannu, domin kowanne cikin alhazan ya ce filin nasa ne. Yana tsaye sai ya ji murya daga cikin zaure.

"Kai mai fenti, matso nan."

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida tsohuwar. Tana zaune kan buzu, carbi a hannu.

"Wane launi za ka sa mini a ƙofa?"

"Shi nika tunani, Hajiya."

"Ni na haife su duka biyun, ban ga launi jikin kowa ba," ta ce. "Da, kowace Juma'a nan suka cin tuwo akushi guda. Yanzu sai in aika ma kowa nashi. Yi abin da ka ga dama, ɗana, amma kar ka sa mini jam'iyya a ƙofa."

Ta bayanta, a tsakar gida, Sha'ibu ya hango kaza tana kiwo da 'yan tsakinta. An rina su da shuni, kamar yadda mata ke yi don shirwa ta kasa gane su. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya yi sallama ya koma bakin bango.

Kafin la'asar ya gama. Gefen ƙofar ga ƙatuwar kaza ta buɗe fukafukai, ga 'yan tsaki kewaye da faifai guda, rabi shuɗi, rabi ruwan ɗorawa, kowa ya dulmiya kai yana ci. Biyu ne kawai suka juya wa juna baya. Ɗaya, mai tumbi, yana sanye da jar dara irin wadda Alhaji Idirisa ba ya rabuwa da ita. Ɗayan kuma da tabarau a kan baki, sak na Alhaji Jibo.

Labari ya zaga gari kafin fenti ya bushe. Masu kai kaya tasha suka riƙa sauya hanya don su bi ta titin. Alhaji Idirisa ya fito yana huci.

"Ni ka mai da ɗan tsako?"

"Alhaji, ban rubuta sunan kowa ba," in ji Sha'ibu, idonsa a ƙasa.

Daga cikin zaure tsohuwa ta ɗaga murya. "Idi, in ka gane kanka a ciki, ai ba laifin mai fenti ba ne. Ƙofata ce, kuma kazata ce."

Kaza ta zauna a bangonta. Alhazan dai ba su shirya ba, sai ma suka haɗu a kan abu guda: babu wanda ya sake ba Sha'ibu aiki. Amma wasu suka zo. Mai gidan burodi ya so a yi masa kuliya tana leƙen tanda, direbobin tasha suka so akuya a kan babur. Shekarun nan ne mafi daɗi a aikinsa.

Sai darajar kuɗin sefa ta faɗi. Gwangwanin fenti ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba, ma'aikata suka shiga yajin aiki, lakwal, wato makarantun boko, a rufe, wanda ke neman na hatsi kuwa ba ya tunanin ado a bango. Sha'ibu ya koma ɗebo jar ƙasa daga bakin gulbi, yana haɗa ta da farar ƙasa da gawayi da ƙaro. Ruwan sama na wanke irin wannan zanen, ya sani. Ya ce wa Zuliha ai gara haka, bango ma ya samu sabuwar riga duk shekara.

Da sojoji suka karɓi mulki aka dakatar da jam'iyyu, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Alhaji Idirisa ne da Alhaji Jibo, a mota guda. Ba wanda ya ba su umarni, tsoro ne kawai irin na mai dukiya. Suna so a shafe bangon da farar ƙasa tun kafin wani ya yi tambaya.

Sha'ibu ya shafe shuɗi, ya shafe ruwan ɗorawa, su biyun suna tsaye a inuwar bedi suna kallo. Da ya iso kan kaza sai ya dakata.

"Launin ne damuwar," in ji Alhaji Jibo a hankali. "Kazar Inna ba ta yi ma kowa komi ba."

Sha'ibu ya bi 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya ya mai da su farare. Ya kai buroshi kan jar darar ke nan, Alhaji Idirisa ya yi gyaran murya.

"Bar mini hulata."

Ya bar su nan suna gardamar wane ɗan tsako ne ya fi wani tumbi.

Aiki a gari bai farfaɗo ba a shekarar. Zuliha ta ce su koma Jiratawa su yi noman rani a gonar mahaifinta, ko ba komai akwai ruwa a kwatar ban ruwa, akwai abin sawa a tukunya. Sha'ibu bai iya noma sosai ba, surukinsa ya gane haka tun makon farko, sai ya ba shi aikin korar tsuntsaye daga alkama.

Mutum-mutumin da ya yi ba irin wanda aka saba gani ba ne. Ya tara tsofaffin riguna da kwat na gwanjo, ya cusa musu kara, ya yi kawuna da ƙwarya, ya zaunar da su kan benci a bakin hanya kamar masu taro. Wani ya ɗaga hannu yana neman magana, wani ya buɗe baki yana jawabi, wani ya sunkuyar da kai yana gyangyaɗi. Manoma suka sa musu suna Majalisa. Tsuntsaye sun ji tsoronsu na ɗan lokaci, daga baya suka riƙa sauka a kafaɗar mai jawabin. Mutane kuwa har daga Maraɗi suke hawo kabu-kabu ranar hutu su zo kallo, su sayi tumatir da albasa su koma, don haka surukin bai yi ƙorafi ba.

Wata rana da hantsi Zuliha ta kawo masa fura a gona. Ta duba bakin kwata, ta duba ƙarƙashin mangwaro, ba ta gan shi ba. Shi kuwa yana zaune a tsakiyar benci, ya ja malafa ya rufe fuska, bai ko motsa ba. Yana jin ta tana tambayar maƙwabcin gona, yana danne dariya.

Ta dawo ta tsaya gaban Majalisa, ta bi su da kallo ɗai-ɗai, har idonta ya sauka kan ƙafar da ke da jar ƙasa a farce. Ta ajiye ƙwaryar a gaban mai gyangyaɗi.

"Malam, bismilla," ta ce wa mutum-mutumin. "Mai furar bai zo aiki ba yau."

Sha'ibu ya ɗaga hannu a hankali, yana neman a ba shi magana.